Neman shawara: sensar zafin salansa ta ƙi kuncewa a Ranger ɗina

Mai Ranger: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin injin gas ku taimaka min. Ford Ranger ce gareni 3.2, ta 2016, 'yar Kwatano, irin mai DPF ɗinnan, wato matatar da ke tare kunkunniyar hayaƙi a cikin salansa. Ina kan hanya da kaya wutar cek injin ta kama, motar ta saki jiki, ko na take totur bata ja. An saka mata kwamfuta ta kawo lambar matsala P2033, wai sensar zafin hayaƙin salansa ce ta biyu. Na sayo sabuwa amma tsohuwar ta ƙi fita, tsatsa ta kama notin, yaron gareji ya sa sifana yana ta ja har kan notin ya fara murjewa sai nace ya tsaya haka. Shi kuma ogansu cewa yayi a barta a ciki, a yanke wayar a saka resisto wutar zata mutu. Wlh da motar nan nake ciyar da iyali, bana son ayi abin da zai jawo babba. Ya zanyi?

Rewaya daga Zariya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ku ci gaba da kokawa da notin, kun tabbatar sensar ce ta mutu? P2033 cewa take layin sensa ta biyu yana karanta sama, kuma ko waya ce ta tsinke ko soket ya ci wuta haka zata kawo. Wayar nan kusa da salansa take bi, sau da yawa zaka tarar ta kwanta a jikin ƙarfe ta narke. Da safe kafin a tada motar a saka kwamfuta a duba karatun sensocin duka, ya kamata su zo kusa da juna, kusa da zafin gari. Wadda ta nuna -40 ko wani adadi na hauka, layinta ne da matsala. Sai a cire soket a auna da mita. Da yawansu irin PT200 ne, in salansa da sanyi zaka ga om 215 zuwa 230 haka, amma akwai wasu irin da ba haka suke karantawa ba, don haka ka auna sabuwar da ke hannunka ka gwada da tsohuwar.

Mai Ranger: An auna Oga, tsohuwar bata karanta komai, sabuwar 224. Wayar lafiya lau.

Bakaniken gas, Kaduna: To ta mutu kam. Alhaji maganar resisto ka manta da ita dan Allah. Sensar nan ba ado bace, da ita biren bos, wato kwamfutar motar, yake sanin zafin da ke shiga DPF in zai ƙona kunkunniyar da ta taru a ciki, kuma ƙonawar nan sai zafi ya kai wajen digiri 600. In ka saka resisto kace masa zafi ɗaya ne kullum, ko dai ya daina ƙonawa DPF ya toshe, ko yayi ta ƙara mai baisan abin da ke faruwa a ƙasa ba, ga gas yana gangarawa cikin baƙin mai. Kuɗin sensa ina, kuɗin DPF ko turbo ina.

Batun cirewa kuma, tunda tsohuwar ta riga ta mutu babu abin tausayi, a yanke wayarta daf da kai, in sandar ta hana a datse ta ita ma, sai a saka sifanar soket mai zurfi mai kusurwa 6, banda mai 12 don shi ne zai ƙarasa murje notin. A goge wajen da burushin ƙarfe, a fesa WD-40 ko makamancinsa a barshi ya kwana. Da safe a tada motar salansa ta ɗan yi ɗumi, ba jajir ba. Kuma kar a ja gaba ɗaya, a ɗan ɗaure kaɗan tukuna sai a kunce kaɗan, a fesa, a koma, haka haka har ta saki. In ka ji tana kuka ƙiii tana ƙara tauri a tsaya, zaren ne ke shirin cinyewa.

Direban Navara: Ni dai tawa cire DPF ɗin akayi gaba ɗaya aka gyara kwamfutar, na huta.

Bakaniken gas, Kaduna: Yallaɓai tasa DPF ɗin lafiyarsa ƙalau, sensa ɗaya ce ta mutu, akan me za'a farke salansa? Kuma ka tsaya bayan motarka in an take totur ka ga abin da masu babur ke shaƙa.

Mai walda: In ta ƙi duk da haka a kawo wutar gas, amma mazaunin da ke jikin salansa za'a gasa ba sensar ba, shi ake so ya buɗe. A janye wayoyi da bututun mai, a kare su da falle. Kuma wani ya lura da mazaunin nan lokacin ja, in ya ɓalle daga waldarsa sai an sauke salansar.

Mai Ranger: Allah ya saka da alkhairi, na gode ƙwarai. To wajen ɗaura sabuwar fa, akwai abin kiyayewa?

Bakaniken gas, Kaduna: Amin Alhaji. A share zaren ramin tukuna. In sabuwar bata zo da man hana kamawa a zarenta ba a shafa kaɗan, irin mai jure zafi, a zare kawai, kar ya taɓa bakin sensar. A fara shigar da ita da hannu har ta zauna sannan sifana, ba'a ɗaure ta kamar notin taya, kuma soket ɗin waya sai a ƙarshe don kar ta murɗe. A maida wayar cikin maƙalanta. Bayan an goge lambar kace mai kwamfuta ya duba yawan kunkunniyar DPF, tunda sensar ta mutu wataƙila bata ƙona ba, in tayi yawa ya sa ta ƙona a fili, nesa da busasshiyar ciyawa, sannan ka hau babban titi da ita kafin ka ɗora kaya.