Kayan gyaran na'urar numfashi ta masu nutso: abin da aka tattauna a Accra

An fi nanata cewa kada a zaƙulo zoben roba mai hana iska fita da allurar ƙarfe, tana karce mazauninsa iska ta riƙa tsiyaya. Wayar tagulla da aka goge bakinta ta wadatar.

Kada a matse jikin na'urar kai tsaye a cikin ƙarfen da ke riƙe kaya lokacin gyara. A kai wa makanikan Kokompe, unguwar makanikai a Accra, ƙusa mai haƙora 3/8-24 (kaurin inci 3/8, haƙora 24 a kowane inci), a ɗaura ta a ramin ƙaramin matsi, inda iskar da aka rage wa matsi ke fita, ita za a matse. Ramin babban matsi inci 7/16 ne, sam ba sa shiga juna.

Gejin da ya kai bar 20 (bar ma'aunin matsin iska ne) ya isa auna matsin iskar da ke fita ta ramin ƙaramin matsi. Allura ta tsaya wajen 9 zuwa 10. In tana hawa a hankali, mazaunin bawul ya lalace, a canza shi.

Gishirin teku da ya manne a ƙarfen kuwa, a jiƙa shi a binega da ruwa rabi da rabi, minti 10 kawai. Ya wuce haka, fatar ƙarfen ta ɓare.