Kalmar "marayu" ta raba kan 'yan zaure

Ɗan Mafara: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Tun Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar hukumar raya Arewa maso Yamma, aka kai hedikwatarta Kano. Mu da ke gindin madatsar Bakolori, magudanar da ke kai ruwa gonarmu ta cike da yashi, bana ko albasa ban shuka ba. Wallahi Zamfarawa marayu ne a ƙasar nan.

Malam na Gusau: Marayu? Maraya shi ne yaron da ubansa ya rasu bai balaga ba. Muna da gwamna, da sanatoci 3, da 'yan majalisar wakilai 7. Ka janye kalmar.

Hajiya ta Anka: Marayun gaskiya suna gidana, su huɗu, 'yan bindiga suka kashe ubansu a gona. Kada ka ari sunansu, ɗana.

Ɗan Mafara: Allah ya ji ƙan sa, Hajiya. Ba haka nake nufi ba.

Bakaben Argungu: Ku dai kun cika kuka. Mu ba mu jira wata hukuma ba. A Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a 2015, muka duƙufa, har Legas ta ci shinkafarmu.

Baban Khalifa: Ku da Allah ya ba fadamar Rima da kogin Neja? Zo Maru ka kwana ɗaya a gona, sannan ka yi mana gori.

Bakaben Argungu: Zuru da Danko-Wasagu fa? Ba a Kebbi suke ba? Su ma ana kashe su.

Baban Khalifa: Neja-Delta na da hukumarsu tun 2000, ga kashi 13 na man fetur. Mu zinarinmu me ya bar mana? Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. In wannan ba maraici ba ne, mene ne?

Malam na Gusau: Sakaci ne. Sakaci daban, maraici daban.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Malam ne da gaskiya, kalmar ba ta dace ba, kuma laifin namu ne da muke sayar da ƙuri'a kan taliya da sabulu. An rufe maganar.

Ɗan Mafara: Ranka ya daɗe, ba kowa ya yarda ba, kuma babu wanda ya ambaci taliya sai kai. Hajiya kaɗai na ba haƙuri. Har yanzu ba wanda ya gaya min wa zai yashe mana magudanar kafin rani.