Korar kofur da ya wuce hutu yana jinya: doka ce ko zalunci?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Maƙwabcina kofur ne a aikin ɗan sanda. Ya tafi hutun shekara ƙauyensu, ciwon shawara ya kwantar da shi, ya wuce wa'adi da kusan wata biyu. Da ya dawo sai aka miƙa masa takardar kora. Ni dai na ce wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Tsohon Sufeto: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara masa lafiya. Amma ɗana, aikin ɗan sanda aikin damara ne. Ranar da ba ka fito ba, wani ne zai kwana a bakin banki ko kan hanya a madadinka. Rashin zuwa aiki ba tare da izini ba laifi ne a dokar aiki, ko jiya aka ɗauke ka ka san haka. Ya aika wa DPO saƙo? Yana da takardar asibitin gwamnati?

Baban Ummi: Baba, maganin gargajiya aka yi masa a gida. Babu takarda. Matarsa ta kira wani abokin aikinsa ta faɗa masa.

Tsohon Sufeto: To ka ji matsalar. Ofis da takarda yake aiki. In aka karɓi baki kawai, gobe duk wanda aka tura inda ake fama da 'yan bindiga zai ce shawara ce.

Maman Khalifa: Baba, a gafarce ni, a nan ban yarda ba. Mutumin da idonsa ya yi ɗorawa, ko ruwa ba ya zama a cikinsa, shi za a tambaya takarda? Ƙauyuka nawa ne ke da likita? Kuma shawara ba ta ɓoyuwa. Rundunar tana da likitocinta, a ɗebi jininsa a gwada hanta mana. Ga rage girma, ga jan kunne mai tsanani, me ya sa sai kora, mai iyali ya koma gida hannu rabbana?

Ɗan Lauya: Ku duka kun tsallake babbar tambaya: an saurare shi? Ƙaramin ɗan sanda ba a korarsa sai an gurfanar da shi a zaman ladabtarwa na cikin gida, an karanta masa tuhuma, ya kare kansa, ya kawo shaidu. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa wannan haƙƙi. Idan yana kwance aka yanke hukunci, korar tana da rauni ko da ya yi laifin.

Tsohon Sufeto: Wannan gaskiya ne. In ba a zauna da shi ba, an yi kuskure. Amma in an zauna ya zo ba wata hujja, ba na ganin laifin wanda ya yanke.

Maman Khalifa: Ni ko an zauna, kora ta yi yawa ga mara lafiya.

Baban Ummi: Yallaɓai, ai ba wanda ya kira shi. To ina zai dosa?

Ɗan Lauya: Ya rubuta koke zuwa Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a Abuja. In bai samu biyan buƙata ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kotun nan ce a Akure, a 2023, ta soke dokar da aka dogara da ita wajen korar wata 'yar sanda a Ekiti saboda ta yi ciki ba aure, ta ce a biya ta naira miliyan 5. Gobe ya je asibitin gwamnati a yi masa gwaji, ya nemi mai unguwarsu da abokin aikin nan su ba da shaida a rubuce. Kada ya ɓata lokaci. Turo min hoton takardar korar in duba kwanan watan.