Za mu girka manhajar haɗa bayanai a sabobinmu na Sharada: wace hanya ta fi tsaro?

Ɗan Sharada:
Assalamu alaikum jama'a. Kamfaninmu na da masana'anta a Sharada, da rumfunan sayarwa a kasuwar Singa da Dawanau. Muna son manhajar da za ta haɗa tsarin lissafin kuɗi da na sito da na'urorin POS da kuma banki, ta yadda kowane ciniki zai shiga inda ya dace ba tare da an sake bugawa da hannu ba. Masu kamfani sun ce bayanai ba za su bar gida ba. Dillalai sun kawo hanyoyi uku: a girka manhajar kai tsaye a kan VM (kwamfutar manhaja da ake ƙirƙira a cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), ko a kafa Kubernetes (tsarin da ke rarraba manhajoji a kan sabobi da yawa) a ɗakin sabarmu, ko injin haɗawar ya zauna wajenmu amma a riƙa sarrafa shi daga girgijen mai manhajar, wato sabobinsa da ke intanet. Mu biyu ne kacal a sashen kwamfuta. Wacce za mu ɗauka?

Injiniya Bompai:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka tambayi kowane dillali: idan an cire layin intanet, me zai tsaya? Hanya ta uku ita ce salon manhajojin haɗa bayanai irin Boomi da wani ɓangare na MuleSoft. Injin yana gidanka, yana fita ta ƙofar sadarwa (port) mai lamba 443 ya yi magana da girgijensu. Idan layi ya yanke, ayyukan da ke tafiya sukan ci gaba, amma ba ka iya tura gyara ko sabon aiki daga shafinsu har sai ya dawo. Wanda ya ga ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace, ya san wannan ba zancen tsoratarwa ba ne. Sannan ka nemi a rubuta maka abin da ke fita. Sau da yawa ainihin saƙon yana gida, amma rahoton kurakurai yana tafiya, kuma idan mai rubuta aikin ya yi sakaci, lambar asusun kwastoma da lambar wayarsa suna cikin rahoton.

Da mutum biyu, ban ba ku shawarar Kubernetes ba. Shi kansa aiki ne na cikakken ma'aikaci. Ma'ajiyarsa ta etcd tana son saba uku da faifai mai sauri, satifiket ɗin tsaro da kubeadm (manhajar girka shi) ke bayarwa shekara ɗaya yake yi, kuma ranar da ya ƙare ba a sabunta ba, an rufe muku ƙofar sarrafa komai. Sababbin sigoginsa kuma kusan uku suke fitowa a shekara, dole ku bi.

Ku ɗauki ta farko. Saba uku a kan Proxmox, manhajar tafiyar da VM, tunda Broadcom ta daina sayar da lasisin dindindin na VMware, takwararta, tun Disamba 2023. A kai ku sa VM biyu na injin haɗawa, Apache Camel ko WSO2 Micro Integrator ko Mule mai zaman kansa, da RabbitMQ guda uku don layin jiran saƙonni, da ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL. Amfanin layin jira shi ne idan banki ko rumfar Dawanau ta ɓace na awa biyu, saƙo yana jira, ba ya salwanta. Amma kowane ciniki ya kasance da lambarsa ta daban, kuma injin ya duba ta kafin ya shigar. In ba haka ba, duk sanda aka sake tura saƙo bayan layi ya dawo, kuɗi ɗaya zai shiga lissafi sau biyu.

Hajiya Mai Tsaro:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara abin da masu kamfani ba sa son ji. Ajiye saba a gida ya ɗora muku duk nauyin da mai girgije zai ɗauka, musamman faci, wato sabunta manhaja don toshe ɓarakar tsaro. Manhajar haɗawa ita ke riƙe da makullan kowa: na banki, na lissafi, na sito. Wanda ya shige ta ya shiga ko'ina.

Ku ware mata layinta daban, kada ta zauna tare da kwamfutocin ofis da Wi-Fi na baƙi. Abin da aka fi mantawa shi ne fita. Kowa na toshe shiga, fita kuwa a barta a buɗe. A Disamba 2021 da ɓarakar Log4j (manhajar rubuta rahoto a tsarin Java) ta bayyana, harin yana sa sabar da kanta ta fita waje ta ɗauko muguwar manhaja, don haka waɗanda katangar tsaronsu (firewall) ta hana fita sai zuwa adireshin da aka lissafa sun sami sauƙi sosai. Kusan duk waɗannan injinan a kan Java suke, abin ya shafi wasunsu. A Oktoba 2023 kuma ActiveMQ ce, wata manhajar layin jira irin RabbitMQ, ta ƙofa 61616, masu garkuwa da bayanai suka yi ta shiga waɗanda suka barta a fili. A RabbitMQ ku rufe 5672, ku yi aiki da 5671 mai TLS da ke kulle saƙo a hanya, ku goge asusun da yake zuwa da shi, shafin sarrafawa na 15672 kuma kada ya buɗu sai daga kwamfuta ɗaya tak ta masu kula.

Rumfuna su shigo ta VPN, wato kulallen layi ta cikin intanet, WireGuard ko IPsec. Kalmomin sirri kada a rubuta su cikin fayil ɗin saiti, a sa su a ma'ajiyar sirri irin Vault ko OpenBao, kowane tsari da asusunsa mai iyakantaccen izini. Ku tsayar da rana ɗaya a wata ta faci, a fara gwadawa a VM na gwaji. Rahoton ayyuka kuma a riƙa tura shi wata na'ura daban, domin ɓarawo shi yake fara gogewa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ku awa 72 ku sanar da hukumar NDPC idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, kuma in babu rahoto ba za ku san abin da aka ɗauka ba.

Ɗan Sharada:
Na gode Injiniya, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Matsalar ita ce kuɗin saba biyu kawai aka amince. Zai yiwu?

Malam Na Ƙofar Ruwa:
Zai yiwu, da sharaɗi. Saba biyu idan layin tsakaninsu ya yanke, babu mai rinjaye, sai Proxmox ya ƙi tayar da komai. Maganinsa ƙaramar kwamfuta ta uku da za ta zama QDevice, ƙuri'a kawai take jefawa. Amma wannan bai warware na RabbitMQ ba. Idan biyu cikin ukun suna kan saba ɗaya kuma ta mutu, layin ya tsaya. Ku sayi ƙaramar na'ura mai faifan SSD da za ta iya ɗaukar na ukun ma.

Sai wuta, wadda a Kano ita ce ke kashe saba fiye da 'yan kutse. Saba biyu da suwic da katangar tsaro za su ci wajen kilowat ɗaya zuwa ɗaya da rabi. UPS na 3kVA irin wanda kullum ta batir wuta ke bi, ba inbata ta gida ba, domin ɗan tsinkewar da ake samu tsakanin KEDCO da janareta na iya lalata ma'ajiyar bayanai tana tsakiyar rubutu. A haɗa shi da sabobin su kashe kansu cikin tsari idan batir ya yi ƙasa. Ɗaki ya zauna tsakanin digiri 18 da 27, esi biyu suna karɓa-karɓa saboda zafin Afrilu, a toshe tagogi saboda ƙurar hunturu. Ku kafa agogon NTP na cikin gida da zai daidaita lokacin duk na'urori: bambancin da ya wuce minti 5 yana sa Kerberos, tsarin tantance masu shiga, ya ƙi karɓar kowa.

Kwafin ajiya uku, ɗaya a wajen Sharada, ɗaya kuma a cire shi daga layi gaba ɗaya. Duk wata uku a dawo da shi a VM na gwaji a ga ya tashi.

Hajiya Mai Tsaro:
Malam, kwafin da zai fita waje a kulle shi da makulli tukuna, makullin kuma kada ya zauna a kan sabar da ake kwafa. A buga shi a takarda, kwafi biyu, ɗaya a sef ɗin kamfani, ɗaya wajen shugaba.