An soke gurbin karatu saboda kuskuren takarda: me ke faruwa idan aka je kotu?

Malam Jagora:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san harkar nan su tara mana abin da suke gani. Ɗalibi ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi, wani ma har ya fara shiga aji, kwatsam sai ga takardar sokewa. Wai bai biya kuɗin karɓar gurbi cikin wa'adi ba, ko takardar shaidarsa ta zo a makare, ko sunansa ya sha bamban a takardu biyu, ko kuma makarantar ce ta ɗauke shi ta bayan fage. Idan aka kai ƙara, wa ke cin nasara, wa ke shan ƙasa, kuma me ke jawo hakan?

Barista Uwani:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da alƙali ke fara dubawa shi ne ranar da aka rufe karɓar takardu: a ranar, yaron yana da abin da ake nema ko ba shi da shi? Mallakar cancanta daban, kawo shaidarta daban. Wanda ya ci darussan da ake buƙata kafin wa'adi amma takardar ta makara, yana da hujja mai ƙarfi. Wanda sai bayan wa'adi ya ci, da wuya ya tsira.

Kotun Ƙolin Indiya ta daɗe da raba waɗannan biyun, kuma can irin wannan shari'a tana da yawa saboda tsananin rububin guraben likitanci da injiniyanci. Tun 1980, a shari'ar Charles Skaria, ta ce samun difloma kafin wa'adi shi ne sharaɗi, shaidarta na iya biyowa baya. A 2004 ta maimaita a shari'ar Dolly Chhanda: 'yar tsohon soja ce mai neman gurbin likitanci a kason 'ya'yan sojoji, ofishin da ya ba ta takardar shaida ya yi kuskure a ciki, ta kawo gyararriya daga baya aka ƙi karɓa. Kotu ta ce a ba ta gurbinta, domin haƙƙin tana da shi tun farko, takardar ce kawai aka ɓata.

Tsohon Magatakarda:
Gaskiya ne, Barista. Bari in ƙara da yadda abin yake daga cikin ofis. Yawancin sokewa ba a lokacin ɗauka take fitowa ba, sai an zo tantancewa ta biyu, watanni bayan an fara karatu. A nan ake jera takardar sakamako, takardar haihuwa da fom ɗin da ɗalibi ya cika, ana bi harafi-harafi. Abubuwan da suka fi kama mutane: an juya jerin suna, ranar haihuwa ta bambanta da wata ɗaya, an ɗora hoton takardar da hatiminta bai fito ba, ko takardar shaidar kaso ta musamman wadda wa'adinta ya ƙare kafin ranar rufewa.

Inda makarantu ke kashe kansu kuwa shi ne takardar sokewar. Sau tari layi uku ce: lambar ɗalibi, "an janye gurbinka saboda rashin cika sharuɗɗa", sai sa hannun wani jami'i a madadin magatakarda. Ba a faɗi wane sharaɗi ba, ba a kira yaron an ji ta bakinsa ba, wani lokaci ma kwamitin da dokar makarantar ta ba ikon sokewa bai zauna ba. Lauya mai ido na ganin irin wannan takarda ya san ta inda zai shiga.

Lauyan Ɗalibai:
Ranka ya daɗe, zai shiga, amma kada mutane su ɗauka an gama. Idan kotu ta rushe sokewa don ba a ji ta bakin ɗalibi ba, abin da ta ce kawai shi ne a sake bin hanya. Makaranta na iya kiran sa, ta saurare shi, ta sake sokewa da dalili a rubuce, kuma wannan karon ta zauna daram. Don haka ba a jingina ƙara a kan wannan ƙafa ɗaya.

Ni a wurina babban abokin gaba shi ne lokaci. Gurbi ba fili ba ne da zai zauna yana jiran hukunci. Da an soke, na gaba a layi ya hau, zango ya yi nisa, sharaɗin halartar aji ya kuɓuce. Ga yadda ake yi a makon farko. Rana ta ɗaya, a rubuta wa magatakarda ana neman dalilin sokewa da sashen dokar da aka dogara da shi, a karɓi kwafi mai hatimin "an karɓa" da kwanan wata. A shigar da koke ta hanyar ɗaukaka ƙara ta cikin makaranta, domin kotuna da yawa kan tambaya ko an bi ta, amma a rubuta gajeren wa'adin amsa a ciki, kwana uku zuwa bakwai. Ana jiran amsar ana shirya takardun kotu. Tare da ƙarar a nemi umarnin wucin gadi guda biyu: kada a ba wani gurbin, kuma a bar ɗalibi ya ci gaba da shiga aji da rubuta jarrabawa ko da za a riƙe sakamakonsa. A sa hukumar da ke raba gurabe cikin waɗanda ake ƙara, ba makaranta kaɗai ba. Idan an riga an ba wani kujerar, shi ma a sa shi, don ba a yanke hukuncin da zai taɓa mutum a bayan idonsa.

A Ingila ƙa'idar neman kotu ta duba matakin hukuma ita ce a shigar cikin gaggawa, kuma kada a wuce wata uku. Mutane na riƙe wata ukun su manta da gaggawar. A harkar gurbi, mako shida ma jinkiri ne.

Barista Uwani:
Wannan batu na lokaci shi ne zuciyar shari'ar Krishna Sradha ta Disamba 2019 a Kotun Ƙolin Indiya. Kafin ita, akwai hukuncin da ke cewa idan wa'adin ɗaukar ɗaliban likitanci ya wuce, sai dai diyya. Alƙalai uku suka sauya wannan. Suka ce idan ɗalibi ba shi da laifi kuma ya garzaya kotu da wuri, ana iya ba shi gurbi a shekarar, matuƙar ba a wuce wata ɗaya daga ranar rufewa ta 30 ga Satumba ba, ko da za a ƙara kujera ɗaya ko biyu. Idan an wuce haka, a ba shi a shekara mai zuwa. Ku lura da sharuɗɗan biyu: babu laifinsa, kuma bai yi sanya ba.

Hajiya Mai Rajista:
Ni kan shaida zan yi magana, don yanzu kusan komai ta intanet ake yi, kuma "shafin ne ya ƙi buɗewa" ba hujja ba ce sai da abin nunawa. A ɗauki hoton allo wanda agogo da kwanan wata suka fito a jiki. A adana saƙon banki mai lambar ciniki, a nemi bayanin asusu mai hatimi. A tura imel zuwa ofishin taimako a daidai lokacin da abin ke faruwa, kafin wa'adi ya cika, ba washegari ba. Sannan lauya ya nemi kotu ta sa a kawo rajistar shiga shafin, domin na'urar tana rubuta duk lokacin da aka shiga.

Wannan rajista ce ta taimaki wani ɗalibi a 2024. Ya samu gurbin injiniyan lantarki a IIT Dhanbad, wata cibiyar koyar da fasaha a Indiya, ana neman ya biya kuɗin karɓar gurbi rupi 17,500 kafin ƙarfe 5 na yammacin 24 ga Yuni. Iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne, sai dab da lokaci kuɗin suka haɗu, shafin ya rufe bai kai ga biya ba. Rajistar ta nuna ya shiga har sau shida a wannan yammacin. Ranar 30 ga Satumba Kotun Ƙoli ta ce a ƙirƙira masa kujera ta ƙari ba tare da an taɓa kowa ba.

Lauyan Ɗalibai:
Hajiya, a dai yi hattara da wannan misali. Kotun ta yi amfani ne da sashe na 142 na tsarin mulkin Indiya, iko na musamman da ita kaɗai ke da shi don tabbatar da cikakken adalci. Ƙananan kotuna ba su da wannan sanda, kuma galibi suna tsayawa kan wa'adi, da hujjar cewa idan aka sassauta wa ɗaya an zalunci dubban da suka bi ƙa'ida.

Malam Jagora:
To idan kuskuren na makarantar ne fa?

Tsohon Magatakarda:
Nan ma ba tabbas, Malam. A 1986, a shari'ar Rajendra Prasad Mathur, kwalejojin injiniya masu zaman kansu a jihar Karnataka ta Indiya sun ɗauki ɗaliban da takardarsu ta sakandare ba ta kai matakin da jami'a ke nema ba. Kotu ta yarda ba su cancanta ba, amma ta bar su su ƙarasa, tana cewa laifin ya fi rataya a wuyan kwalejojin da suka karɓi kuɗinsu, ga shi sun riga sun yi shekaru suna karatu. A Ingila kuwa, a shari'ar Moran ta 1993, wata kwaleji a Salford ta aika wa mai nema tayin gurbi bisa kuskuren ofis, ya karɓa, ta janye. Kotun ɗaukaka ƙara ta ga akwai hujja mai ƙarfi cewa yarjejeniya ta ƙullu, amma ta ƙi tilasta wa kwalejin ta ɗauke shi. Ya yi gaskiya, bai samu kujera ba.

Barista Uwani:
Abu ɗaya da ba ya samun sassauci shi ne takardar bogi. A 2017 Kotun Ƙolin Indiya ta ce wanda ya shiga da takardar shaidar kaso ta ƙarya zai rasa gurbin har da digirin, komai daɗewa. Shi ya sa idan an ga kuskure a takarda, kada a goge, kada a gyara da biro, kada a ba wani "ya daidaita". A koma ofishin da ya fitar da ita, a karɓo sabuwa tare da wasiƙar da ke cewa kuskuren nasu ne da ranar da aka fara fitar da ta farkon. Ita ma tsohuwar a ajiye ta, domin kotu za ta so ta ga duka biyun gefe da gefe.