Neman kalmar Hausa: me za mu kira "gene silencing"?

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum. Gobe da la'asar zan naɗi shiri kan lambar Nobel ta likitanci ta 2024, wadda Victor Ambros da Gary Ruvkun suka samu saboda gano ƙaramin RNA. Aikin wannan RNA ɗin Bature ke kira "gene silencing", ni kuma na rubuta "kashe ƙwayar gado", amma hankalina bai kwanta ba. A taimaka.

Malamar Bayoloji: Wa alaikumus salam. Cire "kashe", ɗan'uwa, babu abin da ya mutu. DNA, wato kundin umarnin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, na nan lafiya lau. Umarninsa ake kwafa a ba RNA ɗan aike ya kai inda ake haɗa furotin. Sai wannan ƙaramin RNA ɗin, mai haruffan gado kusan 22, ya tare ɗan aiken a hanya ya manne masa, ko a lalata wasiƙar ko a hana karanta ta. A jikin wata tsutsa mai tsawon milimita 1 aka fara ganinsa, a 1993. Ni a aji "tare saƙo" nake cewa.

Ɗan Zazzau: Shiruntarwa. Ilimi ya haifi ilimantarwa, me zai hana shiru ya haifi tasa?

Malamar Bayoloji: Malam, sau da yawa rage furotin ɗin kawai ake yi, ba shiru ɗungurungum ba.

Baban Hassana: To a ce an sa wa ƙwayar takunkumi, irin na bakin dabba.

Mai Shirin Lafiya: Baba, mai sauraro zai tuna korona ne, ko takunkumin tattalin arziki.

Ɗan Zazzau: Matsalarmu ke nan. Bature ya ƙirƙiri kalma, kowa ya haddace. Bahaushe ya ƙirƙira, a ce baƙuwa ce. Wa ya san ilimantarwa kafin wani ya fara faɗin ta?

Ɗan Maraɗi: Kuna ta RNA, RNA, mu nan ARN muka koya a lakkwal. Kullum can ake yanke magana, mu sai dai mu ji a rediyo.

Ɗan Zazzau: Ai shi ya sa nake son tamu ta gida, mu huta da aron bakin Ingila da Faransa.

Mai Shirin Lafiya: Jama'a, dare ya yi. Zan ce "tare saƙon ƙwayar gado", in kawo misalin ɗan aiken Malama, in kuma ambaci ARN saboda 'yan'uwa na Nijar.

Ɗan Zazzau: Kalma huɗu a madadin ɗaya. To, na gobe ne kawai. Ni a rubutuna shiruntarwa zan sa.