Na sayi tikitin Old Trafford, an ɗage wasan, kuma kujerar ba ta ɓangarenmu ba ce

Ɗan Gunners: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka mini da shawara, kaina ya kulle. Tun ina firamare nake goyon bayan Arsenal. Wasan da ya ja ni shi ne na watan Mayun 2002, da Wiltord ya zura ƙwallo ɗaya tilo a Old Trafford muka ɗauki kofin Firimiya a gidan Manchester United. Yayana ne ya ɗora ni a wuya don in hango talabijin, ranar har takalmina ɗaya ya ɓata a cikin murna. Daga nan na ƙudura a raina sai na shiga filin nan ina kallon Arsenal da idona. Yanzu ina karatu a Landan, saura 'yan watanni in gama, in wannan ta wuce ni ban san ranar wata ba. Na samu tikiti, na sayi na jirgin ƙasa daga tashar Euston ta Landan zuwa tashar Piccadilly ta Manchester na Asabar, zuwa da dawowa. Kwatsam aka mayar da wasan Lahadi, 4:30 na yamma. Ga jarabawa ina da ita Litinin da safe. In je ko in haƙura? Jesin kuma fa, ana barin mutum ya saka?

Tsohon Ɗan Kallo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin takalmi, ka tsallake muhimmin abu. "Na samu tikiti", a ina? Filin yana ɗaukar mutum kusan 74,000, amma abin da ake ware wa baƙi a Firimiya wajen 3,000 ne, kuma sai waɗanda suka tara makin zuwa wasannin waje suke samu. Wanda bai taɓa zuwa ko ɗaya ba, ba ya ko jin ƙanshinsa. Me aka rubuta a jikin naka?

Ɗan Gunners: Yaya, wani ne abokin wani ɗan ajinmu ya sayar mini, mutumin kirki ne. Stretford End aka rubuta.

United Har Abada: Stretford End da jesin Arsenal! Wallahi ka zo, muna maraba. Za mu tuna maka 8-2 ta 2011, da jerin wasa 49 ɗinku ba a doke ku ba da muka yanke a 2004.

Tsohon Ɗan Kallo: Ka bar wasa, yaron nan yana neman jefa kansa a rijiya. Ƙanena, Stretford End nan ce cibiyar 'yan gida, masu waƙa tun daga take wasa har tashi. Baƙi suna can ɗaya ƙarshen, a kusurwar kudu maso gabas, jami'an tsaro sun yi musu shinge. Da jesi ba za ka wuce ƙofa ba. In ka shiga ba jesi, Arsenal ta ci ka yi tsalle, fitar da kai za a yi, in ka yi sa'a masu tsaron fili ne za su riga maƙwabtanka isowa. Sannan tun kakar 2016 aka ƙayyade tikitin baƙi a fam 30. Kai nawa ka biya?

Ɗan Gunners: Ya kai ninki biyar na hakan. Amma ai babban wasa ne, kowa ya san haka ake saye. Kuma ni ba mai hayaniya ba ne, zan iya danne zuciyata.

Maman Biyu: Danne zuciya? Haka maigidana ya ce. Ya tafi wani fili ya zauna cikin 'yan gida, minti ashirin da fara wasa ya kira ni daga bakin titi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar ce aka yi bikin makarantar yaranmu, ni kaɗai na je, ana ta tambayata ina babansu. Har yau in na tayar da maganar sai ya ce alƙalin wasa ne ya jawo. Ƙanena, ka zauna ka yi karatunka.

Mai Tsaron Raga: Ni ban ga abin tashin hankali ba. Na yi haka sau biyu. Ka sa jesin a ciki, ka ɗora jaket, ka zuge zif har wuya. In suka ci ka miƙe tare da su, in kun ci ka sunkuya kamar kana ɗaure igiyar takalmi. In kuma tsoro kake ji, sayar da shi ka mayar da kuɗinka.

Tsohon Ɗan Kallo: Kada ka saurare shi. Sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba laifi ne a Ingila tun dokar 1994, kana ɗalibi ba ka buƙatar wannan a takardunka. Ni shekara da shekaru ina bin wasannin waje, na hau matakalar St James' Park ta Newcastle har hawa na bakwai inda suke ajiye baƙi, 'yan wasa kamar tururuwa, ba abin da ban gani ba. Batun jirgi kuwa, laifinka ne. Ba a sayen tikiti mai rahusa sai gidajen talabijin sun zaɓi wasanninsu, kuma United da Arsenal ba a barinsa a 3 na ranar Asabar, tunda a Ingila ba a haska wasan wannan lokacin kai tsaye. Irin tikitin nan ba a mayar da kuɗinsa, sai dai ka canza rana kafin lokacin tashi, ka biya caji da ciko.

Mai Tsaron Raga: Ya hau bas kawai daga tashar Victoria ta Landan, ya fi sauƙi.

Tsohon Ɗan Kallo: Awa biyar a bas, mai jarabawa da safe? Jirgi awa biyu da 'yan mintuna ne. Za a tashi wasa wajen 6:30, layin taragon cikin gari kaɗai zai iya cin rabin awa. Kada kuma ka ɗauki jakar baya, ba a shiga filin da ita.

Ɗan Gunners: Na gode, amma ku fahimce ni, ban san za a ɗaga ba, kuma a lokacin jirgin yana da arha. Jarabawar ma ba mai wuya ba ce, zan yi bita a hanya. Jesin nan yayana ne ya ba ni, ba zan iya barinta a ɗaki ba.

Maman Biyu: To shawarar me kake nema, tunda ka riga ka yanke?

Tsohon Ɗan Kallo: Tsaya tukuna. Tikitin yana cikin wayarka yanzu, ko hotonsa aka turo maka?

Ɗan Gunners: Hoto ne. Ya ce zai turo na ainihin ana gobe wasa. Tun shekaranjiya dai bai buɗe saƙona ba, amma ɗan ajinmu ya ce haka yake, ba ya son waya.

United Har Abada: Wace kujera ce? Wataƙila kusa da ni kake.